Littafi na Takwas Ya Iso Kasuwa: A Saya, a Dakata, ko a Nemi Wani?

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya same ni a gida, nan unguwar Zariya ta garin Maraɗi, da la'asar sakaliya. Ya zube littattafai bakwai a kan tabarma, duk sun sha hannu, bangon wasu har an liƙe shi. Littafin yaƙi ne irin wanda ake bugawa a Kano kashi-kashi, mai jarumai da matsafa da aljanu da birane masu ganuwar ƙarfe. Ni na ba shi na ɗaya da na biyu, sauran kuwa shi ya bi su da kuɗinsa.

Ya ce, "Kawu, na bakwai ɗin nan sati uku ina jan sa ban kai ƙarshe ba. Ga na takwas ya iso kasuwa, an ce na tara ma yana hanya. In saya, ko in haƙura?"

Ba zan faɗi sunan littafin ba. Ba na son in kashe wa marubucinsa kasuwa, kuma tambayar yaron nan ta fi ƙarfin littafi guda. Duk wanda ya taɓa bin dogon labari, na Hausa ne ko na Faransanci, a takarda ko a salula, ya san wannan wurin da ake tsayawa: ka yi nisa, komawa ta yi wuya, gaba kuma ba ka hango komi.

Abin da na fara tambayar sa shi ne, me ya riƙe shi a littafi na ɗaya? Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce layar nan ce. A farkon labarin an ba jarumin wata laya wadda za ta cece shi sau uku kacal, daga nan ta mutu. Saboda haka duk lokacin da ya shiga tsaka mai wuya, mai karatu yana lissafi tare da shi: ya taɓa ta yanzu, ko ya daure ya adana ta? Wannan lissafin ne yake hana mutum barci. Na ce to, sau nawa layar ta yi aiki zuwa yanzu? Muka ƙirga tare, muka samu sau tara. A littafi na biyar wani tsoho ya fito daga kogo ya sabunta ta, daga nan ba a sake zancen iyakarta ba.

A wurina wannan ita ce babbar alama, ta fi kowace nauyi. Labarin tsafi da aljanu yana tsayawa ne a kan ƙa'idar da marubucin ya gindaya wa kansa. Mai karatu ya yarda doki ya tashi sama, ya yarda dutse ya yi magana, amma da sharaɗin cewa abin da aka ce ba ya yiwuwa zai ci gaba da zama ba ya yiwuwa. Ko a tatsuniyoyin da kakanninmu suka yi mana haka abin yake. In an ce wa yarinya kada ta buɗe ƙwaryar sai ta ƙetare gulbi, to in ta buɗe sai ta ga abin da ta gani. Ranar da marubuci ya fara karya dokarsa don ya fitar da jaruminsa daga rami, ranar ce tsoro ya fita daga labarin. Abin da ya rage sai ƙidayar gawarwaki: dakaru dubu a na uku, dubu ɗari a na biyar, a na bakwai kuwa an ce ƙasa ba ta iya ɗaukar su. Adadi yana ta hawa, zuciya ba ta motsi.

Na sake tambayar sa ko akwai wanda ya mutu a labarin, wanda shi yake ƙauna, kuma bai dawo ba. Ya ce abokin jarumin ya mutu a na huɗu, har ya ji ƙwalla, amma a na shida aka ce ashe aljana ce ta ɗauke shi, gawar da aka binne ta wani ce. Daga nan na roƙe shi ya ba ni labarin na biyar daban, na shida daban. Ya fara, ya haɗa su, ya gyara, ya sake haɗa su. Yaron da yake iya zayyana mini littafi na ɗaya babi-babi, har da sunan dokin kowane sadauki.

Duk da haka ban ce masa ya bari nan take ba, domin tsawo daban, ja daban. Akwai labarin da yake da tsawo saboda kayan da ya ɗauko suna da yawa, kamar ayarin fatake, dole ya yi zango a hanya. A irinsa za ka ga littafi guda ya yi sanyi, ba yaƙi, sai tafiya da shawara da ƙulla aure tsakanin masarautu, amma in ka duba da kyau za ka ga ana ɗaura zare ne wanda za a ja daga baya. Akwai kuma wanda ake ja kamar ƙaro don kasuwa tana ci. Hanyar rarrabe su ba wuya: a littafin da ya gundure ka, an rufe wata ƙofa ko guda? An amsa wata tambaya da aka buɗe tun farko? In an rufe ɗaya an buɗe biyu, labarin yana tafiya. In ba a rufe komi ba sai sababbin abokan gaba ake ta shigowa da su, kowane ya fi na baya girman kai da yawan ƙahoni, to a wuri guda ake zagaye.

Yana da kyau a san dalilin da ya sa littattafanmu suke zuwa kashi-kashi, don kada a ɗora wa marubuta laifin da ba nasu kaɗai ba. Tun da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa a shekarun 1980, yawancin marubuta da kuɗinsu suke buga littafi. Cinikin na ɗaya shi ke buga na biyu. Wannan tsari yana da haɗari ta fuska biyu. In littafi bai karɓu ba, ci gabansa ba zai taɓa fitowa ba, mai karatu ya zauna da rabin labari. In kuma ya karɓu sosai, rufe shi ya zama kamar mutum ya toshe rijiyar da yake sha. Yanzu da rubutun ya koma waya, ana sakin shafi-shafi ana biyan kuɗi kafin a shiga, matsin ya ƙaru, domin kullum sai an tsaya a wurin da zai sa a dawo gobe. Mu kuma a Maraɗi muna da ƙarin wahala: littafin sai ya biyo ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa kafin ya iso hannunmu, kuma mun ga yadda rufe iyaka a 2023 ya tsayar da kaya iri-iri. Mai bin labari mai kashi goma a nan ya fi na Kano bukatar haƙuri.

To, hanyoyi uku ne a gaban yaron, kuma kowace da abin da take ci.

Ta farko, ya sayi na takwas ya ci gaba. Ribarta ita ce ba zai fita daga hirar fada ba, inda abokansa suke tafka gardama a kan shayi game da wanda zai ci sarautar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin rabin daɗin irin waɗannan littattafai a bakin abokai yake. Kuma sunayen mutanen labarin suna nan sabo a kansa. Asararta kuwa ba kuɗin littafin ba ne kawai. Sati ukun da ya kashe yana jan na bakwai ya ishe shi ya karanta littattafai uku masu kyau. Abin da na fi ji masa tsoro shi ne karatun dole yana kashe sha'awar karatu gaba ɗaya. Na ga waɗanda suka maƙale a tsakiyar wani dogon labari, suka ƙi fara wani don wai sai sun gama wannan, har shekara ta zagayo ba su buɗe komi ba. Kuɗin da aka kashe a kan bakwai na baya ba hujja ba ce. Sun riga sun tafi, kuma ya ci moriyarsu a lokacin da yake jin daɗin labarin.

Ta biyu, ya dakata har sai marubucin ya rubuta "ƙarshe", sannan ya tambayi waɗanda suka kai can ko tafiyar ta biya. Wannan ita ce hanyar da na fi ba mutane shawara a kai in labarin bai lalace ba, sanyi kawai ya yi. Amma a shiga da ido buɗe, domin jira ba shi da tabbas ko a ƙasashen da harkar ɗab'i ta zauna da gindinta. Marubucin nan na Amurka, George R. R. Martin, wanda masu karatun Faransanci suka sani da Le Trône de fer, ya fitar da littafi na farko a 1996, na biyar a 2011, masu karatu kuma suka shafe shekaru fiye da 10 suna jiran na shida. Robert Jordan ya fara nasa dogon labarin, La Roue du temps, a 1990, ya rasu a 2007 bai kammala ba. Sai Brandon Sanderson ne ya ɗauki bayanan da ya bari ya rufe labarin a 2013, a littafi na 14. Masu bin wannan labarin da yawa sun koka da sanyin littattafan tsakiya, amma waɗanda suka daure sun samu ƙarshe na gaske, domin mai shi ya san inda ya dosa tun yana raye. Darasin da ke cikin misalan nan biyu ga mai saye shi ne ya bincika ko marubucin ya taɓa kammala wani dogon labari a baya. Wanda ya taɓa rufe ɗaya ya fi cancantar a jira shi.

Ta uku, ya ajiye shi har abada ya nemi wani. Mutane suna jin nauyin wannan kamar sun ci amana. Ni ban ga cin amana a ciki ba. Alkawarin da ke tsakanin marubuci da mai karatu na ɓangare biyu ne, kuma a littafin da muke magana a kai, wanda ya sabunta laya ya tayar da matacce shi ya fara saɓawa. Abin da ake rasawa shi ne sanin ƙarshe, wannan kuwa abokan fada za su ba shi a zama ɗaya.

Ga wannan littafin, hukuncina shi ne ta uku. Da alama guda ce kawai ta bayyana, da na ce ya dakata. Amma ƙa'ida ta karye, mutuwa ta daina zama mutuwa, littattafan kuma sun narke cikin juna a kansa.

Sai ya ce, "To Kawu, me zan karanta mai kama da shi?"

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Sukan je wurin mai sayar da littattafai su ce a ba su wani na yaƙi, a miƙo musu mai hoton takobi a bango, su koma gida su tarar da irin ciwon da suka gudo. Kama ta bango ba ita ce kama ba. A fara gano abin da aka so a na farkon, sannan a bi shi duk inda yake.

In yaƙin ne da kirari da ƙarar ƙarfe, to a koma ga Ganɗoki na Bello Kagara. Yana cikin littattafan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933 wadda Rupert East ya shirya a Zariya, aka buga su a 1934. Rabinsa na farko yana tafe ne a kan tarihi na gaske, zuwan Turawa da yaƙe-yaƙen da aka yi da su, sannan ya tsallaka duniyar aljanu, inda jarumin da ɗansa Garba Gagare suke fafatawa. Ƙarami ne, ana iya gama shi a yini biyu, kuma Hausarsa tana da nauyin da ba a cika samu yanzu ba. Rauninsa shi ne Ganɗoki ba ya jin tsoro kuma ba ya sauyawa, yadda ya shiga haka ya fita. Wanda yake neman jarumin da ke girma a gaban idonsa zai fi samun biyan bukata a Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fara rayuwa a gurgunce kafin a ba shi ƙarfi. Asalin labarin na wani gwarzon Rasha ne, aka yi masa riga da wando na Hausa har ba ka cewa baƙo ne. Ga wanda layar nan mai iyaka ta kama, wannan ya fi kusa, domin ƙarfin Iliya kyauta ce da ta zo bayan rashi, mai karatu kuma ba ya mantawa da rashin.

In tafiyar ce ta burge ka, garuruwa da baƙin al'adu da neman abin da ba a san inda yake ba, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam yana nan, shi ma daga waccan gasar. Sai dai a sani, raha ta fi yawa a cikinsa. Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta yi wa juna ƙulli ne daga gari zuwa gari, ba filin daga ake zuwa ba. Wanda ya shige shi yana jiran jini zai ga kamar wasa ake yi. Wanda kuma ya gaji da jini, kamar ɗan ƙanwata, zai sha iska.

Magana Jari Ce, na Imam ɗin dai, ya fi kowane dacewa da wanda dogon labari ya ƙona. Littafi uku ne, sun fito a ƙarshen shekarun 1930, amma gininsu daban ne: a na ɗaya, aku ne yake ba ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita ya faɗa tarkon waziri. Kowane labari yana buɗewa ya rufe a zama guda, babban zaren kuma yana tafiya a hankali a bayansu. Ka ajiye shi wata guda ka dawo, ba ka yi asarar komi ba. Irin ginin Dare Dubu da Ɗaya ne, wanda shi ma akwai shi da Hausa tun tuni, sai dai wannan na biyun akwai wuraren da ba na yara ba ne, a kula da wanda za a miƙa wa.

Akwai kuma namu na gida, wanda nake jin ciwon yadda matasanmu suka san biranen ƙirƙira na wasu ƙasashe fiye da shi. Sarraounia na Abdoulaye Mamani ya fito a 1980 da Faransanci, a kan sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Ba labarin aljanu ba ne tsantsa, tarihi ne aka yi wa ado, amma akwai duk abin da mai son littafin yaƙi yake nema: mace mai sarauta da asiri, mayaƙa da baka da kibiya a gaban bindiga, sarakunan makwabta masu auna inda za su jingina. Kuma a nan mutuwa mutuwa ce, garuruwan da aka ƙona sun ƙonu. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Wanda ya tashi a garin da sarakunan Katsina suka mayar mazauninsu bayan jihadi, yana jin sunan Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore tun yana yaro, ga Tsibirin Gobir a gefe, ga tafkin Madarunfa da labaran waliyyansa, bai kamata a ce sai an kai shi wata nahiya zai ga abin mamaki ba. Tatsuniyoyi da almarar da Boubou Hama ya tattara a Contes et légendes du Niger su ma suna cika wannan gurbi. Ga mai iya Ingilishi kuma, Nnedi Okorafor, ƴar asalin Najeriya da aka haifa a Amurka, ta rubuta The Shadow Speaker a 2007, ta ajiye labarin a Nijar ta shekarar 2070, inda sihiri da na'ura suka cakuɗe.

Na ƙasashen waje da ake samu da Faransanci, shawarata gajera ce: a fara da wanda aka riga aka kammala. Na Tolkien, Le Seigneur des anneaux, kashi uku ne, sun fito a 1954 da 1955, farkonsa yana da nauyin tashi amma ƙa'idarsa ba ta karyewa, zoben da ake ɗauke da shi yana cin mai ɗaukarsa har zuwa shafin ƙarshe. Harry Potter bakwai ne, daga 1997 zuwa 2007, Faransancinsa mai sauƙi, ya dace da ɗan kwaleji. Na Martin kuwa, ban da rashin ƙarshe, akwai batsa da zubar da jini da ba zan miƙa wa ɗan ƙanwata da hannuna ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da uwarsa ta taɓa tambaya ta, kuma na san iyaye da yawa a garin nan suna tambaya: karanta labarin matsafa bai taɓa imanin yaro? Ba na raina wannan damuwa. Abin da nake dubawa shi ne inda labarin ya ajiye tsafin. Akwai wanda yake nuna shi a matsayin abin da ke cin mai shi, akwai wanda yake ƙawata shi har boka ya zama shi ne mafita a kowace matsala. Abin lura shi ne littafin da ya lalace ta fuskar fasaha yakan lalace ta nan ma, domin marubucin da dabara ta ƙare masa shi ne yake kiran sabon boka a kowane babi. Na farkon jerin nan ban ji komi ba da na ba shi. Na bakwai kuwa, ko don wannan kaɗai, da na karɓe.

Da aka kira magariba ya tattara littattafansa bakwai ya ɗaure su da igiya, ya ce zai kai wa wani abokinsa a Bagalam da ya tsaya a na uku. Na shiga ɗaka na ɗauko masa Ganɗoki da Sarraounia. Ya juya Ganɗoki a hannu, ya ga ƙanƙantarsa, ya ce, "Kawu, shi ke nan duka? Ba na biyu?" Na ce babu, ya karanta ya dawo mini da shi ranar Juma'a, akwai Iliya yana jiran sa.